Kilishin da Aka Aika wa Lukumanu

Tun kafin wani likitan Turai ya ga fitsarin Lukumanu, majalisar dillalan shanu ta unguwar Bracodi a Abidjan ta riga ta gama nata gwajin, ta fitar da sakamako. Ba ta nemi kwalba ba. Benci biyu, butar shayi da talabijin ɗin mai shagon kusa da tashar ƙananan motocin bas da ake kira gbaka sun wadatar.

Lukumanu ɗan Alhaji Maiwada ne. A nan unguwar Adjamé aka haife shi, shi ya sa Hausarsa ke ɗingishi, Faransancinsa kuwa na gudu. Tun yana makaranta yake tseren mita dubu da ɗari biyar a filin wasa na Treichville, inda ya ƙware wajen zuwa na huɗu. Na huɗu shi ne wanda ya sha wahala daidai da na ɗaya, amma ya koma gida a tasin woro-woro hannu wofi. Ana nan sai wani Bature mai farautar 'yan wasa ya ɗauke shi zuwa Turai, aka ba shi koci da takalma da albashi. Kafin a yi layya biyu, yaron da bai taɓa cin tsere a Treichville ba ya fara barin zakarun duniya a bayansa.

"Ni fa sana'ata kallon cinya ce," in ji Alhaji Ukasha, shugaban dillalan, yana nuna talabijin da kofin shayi. "Saniyar da ta yi ƙiba da ciyawa na san ta, wadda ta kumbura da allura na san ta. Ku dubi cinyar yaron nan."

Ba wanda ya musa masa, domin a fannin allura Alhaji Ukasha malami ne. Shanunsa sukan sauko daga mota ƙashi da fata, su yi 'yan makonni a garkensa na Port-Bouët, su fito kamar an hura su da famfo. Bitamin yake kiran maganin. Duk majalisar ma bitamin suke kiransa, domin kusan kowa yana da kwalbarsa a aljihun babbar riga.

Ban da Alhaji Maiwada. Shi shanunsa dusa suke ci da harawa, su yi ƙiba a hankali kamar masu jin kunya. Da ya tsaya a nan da sauƙi, amma mutum ne da gaskiyarsa ta dami maƙwabta. Ba ya zama a majalisa bai ambaci hisabi ba. Masu dafa abinci a manyan otal da matan Labanawa wurinsa suke sayen nama saboda wannan suna, kuma bayan sunan ba shi da wata dukiya ta a zo a gani. Don haka da ɗansa ya fara cin tsere, majalisa ta ji daɗi ƙwarai. Ba don nasarar ba.

Ranar da labari ya fito cewa an dakatar da Lukumanu, mutane suka yi ta zuwa jaje gidan Alhaji Maiwada, fuskokinsu na sheƙi. Da suka watse, yaron ya kira.

"Baba, contrôle ɗina, gwajin fitsari, ya fito positif, wai sun ga magani. In ba a wanke ni ba, shekara huɗu ne. C'est fini ke nan. Ƙafa ba ta jiran mutum shekara huɗu."

"Me suka gani?"

Ya faɗi wani suna mai tsawo, sannan ya ce lauyansa ya bincika, maganin nan shanu ake ba wa don su yi ƙiba, kuma yakan zauna a cikin nama. Lauya ya tambaye shi abin da ya ci kafin gwajin. Ya ci kilishin da Baba ya aiko.

Al'ada ce da Alhaji Maiwada bai taɓa fasawa ba. Duk layya yakan yanka sa ɗaya daga garkensa, ya ware cinya guda a yi kilishi, a naɗe a takardar siminti, a cusa a akwatin duk wani ɗan kasuwa mai tafiya Turai.

"Kilishina?" in ji shi. "Naman san da na kiwata da hannuna?"

"Ban ce kai ba ne, Vieux. Lauya ne ke tambaya."

"Lukumanu, ka ji tsoron Allah ka gaya mini. Ka sha wani abu?"

"Ba komai, wallahi. Bitamin kawai koci ke ba mu. Kowa na sha."

Alhaji Maiwada ya maimaita a ransa: bitamin. Ya san kalmar nan. Kullum yana jin ta a kan benci.

Washegari ya hau gbaka, ya sauka ya sake hawa, ya ƙetare gada zuwa Treichville wurin Hadi mai kilishi. Hadi mutumin Madawa ne, kuma duk manyan dillalai shi suke kai wa nama in Sallah ta zo. A saman wani bene bayan kasuwa yake aiki: ya yanka nama sirara kamar mayafi, ya shanya a kan asabari, ya tsoma a labu mai yaji da tunkuza, ya sake shanyawa, ya gasa.

"Alhajina, mun ji abin da ya faru. Allah ya kiyaye gaba."

"Amin. Hadi, cinyar da na kawo maka da Sallah, ita ka mayar mini?"

"Haba Alhaji. Naman kowa asabarinsa daban. Ga na Alhaji Ukasha can na sunan jikarsa, ga na wani ɗan Dosso nan. Ni ba na haɗa hakkin mutane."

Bai rufe baki ba sai iska ta taso daga tafkin lagun, sama ta yi baƙi. A Madawa rana takan gama aikinta ba a tsare ta ba. A Abidjan kuwa ruwa ba ya sallama. Hadi da ma'aikatansa suka ruga, suka yi ta yaye nama daga kan asabari suna zubawa a babban baho ɗaya, na Ukasha a kan na ɗan Dosso, na ɗan Dosso a kan na wanda Allah kaɗai ya sani, suka ja bahon ƙarƙashin rumfa. Alhaji Maiwada yana tsaye ruwa na dukan hularsa.

"Yanzu wanne ne na wa?"

Hadi ya share fuska da gefen riga. "Nama ai nama ne, Alhaji. Kowa za a ba shi gwargwadon abin da ya kawo. Ba wanda ya taɓa cewa nasa ya ragu."

"Da Sallah ma an yi ruwa?"

"Da Sallah ai kullum sai da aka yi."

"Za ka faɗa wa lauya haka?"

"Wane lauya? Ni naman kowa asabarinsa daban." Ya kalli bahon, ya kalli Alhaji, ko ƙifta ido bai yi ba. "Ina da iyali, ranka ya daɗe. In na ce naman Alhazai da magani, gobe wa zai hau benen nan?"

A hanyar komawa, gbaka ta maƙale a kan gada, Alhaji Maiwada ya samu lokacin tunani fiye da yadda yake so. Shekara da shekaru yana wa'azi a kan allura, ashe duk Sallah shanun Ukasha yake aika wa ɗansa a naɗe, har da addu'a. Amma bahon bai wanke Lukumanu ba. Ya nuna dai cewa mai yiwuwa ne kilishi ne. Mai yiwuwa ne kuma bitamin ɗin koci ne, kilishin ya zo a kan gaɓa. Ya juya maganar ta kowane gefe, ta ƙi tsayawa.

Labari ya riga shi isa Adjamé. Bayan la'asar Alhaji Ukasha ya zo da dattawa biyu, aka shimfiɗa musu tabarma.

"Alhajin Allah, an ce ka je shan iska Treichville."

"Na je na ga baho."

"To madalla. Ka san in maganar nan ta fita, likitocin dabbobi za su sauko mana a abbatuwa, jaridu su ce Hausawa na ciyar da gari guba. Gida nawa ke ci a sana'ar nan? Ka tausaya."

"Shi yaron ba abin tausayi ba ne?"

"Yaro ya yi kuskure, ya karɓi ƙaddara. Shekara huɗu kamar gobe ne. Ya dawo ya kama sana'ar ubansa, mu ma da muka kai haka ba gudu muka yi ba." Ya kurɓi ruwa. "Kuma tsakani da Allah, irin wannan ha'inci a wasa ba tarbiyyarmu ba ce."

Dattawan suka gyaɗa kai. Ɗayansu da ya gyara zama sai da kwalba ta yi ƙara a aljihunsa.

Lauyan ya kira ta bidiyo kwana biyu bayan haka, Lukumanu na fassara. Ya saurari labarin baho da ruwan sama cikin ladabi, ya ce labari ne mai kyau, sai dai ba shi da mai shaida. Sauran kilishin da ke wurin Lukumanu an kai gwaji, an ga alamar maganin, amma masu hukunci za su ce kowa na iya barbaɗa abu a kan nama bayan an kama shi. Abin da suke so shi ne mutum mai suna da fuska, wanda zai ce ga dabbar, ga wanda ya yi mata allura. Gaskiya tana bukatar Hadi da Ukasha da rabin abbatuwa. Ƙarya kuwa mutum ɗaya ya ishe ta.

Hajara, uwar Lukumanu, tana bakin ƙofa tana ji. Da aka kashe waya ta ce, "Alhaji, sunan nan da kake tattali, in ba ɗanka ya ci shi ba, wa kake ajiye wa?"

"In kuma ya sha fa?"

"In ya sha, ɗan wa ya zama?"

Ranar zaman hukunci ya sa farar babbar rigarsa ta Juma'a, ya zauna gaban waya a ofishin wani mai fassara a unguwar Plateau. Ya ce shi Maiwada, dillalin shanu, shi ya yi wa sansa allurar ƙiba kafin Sallah, shi ya aika wa ɗansa naman, yaron bai sani ba. Da aka tambaye shi sunan maganin da yadda ake auna shi, ya amsa tiryan-tiryan. Shekarun da ya yi yana zama kusa da Ukasha ba su tafi a banza ba.

Aka wanke Lukumanu.

Jaridun wasanni suka buga labarin uban da ya kusa kashe ɗansa da kwaɗayin riba. Masu otal suka daina kira. Matan Labanawa suka koma wurin Alhaji Ukasha, wanda ya tabbatar musu cewa shi ma abin ya girgiza shi. Likitocin dabbobi suka zo, suka duba garke ɗaya tak a duk Port-Bouët, na Maiwada, suka sha mamakin yadda ba su sami komai ba, suka rubuta cewa mutumin ya iya ɓoye sawu. Majalisa ta zauna ta yanke cewa Maiwada ya zubar da mutuncin sana'a, kuma dama mai yawan wa'azi abin tsoro ne. Ba a kore shi daga benci ba, ai ana da zumunci. An dai daina matsa masa wuri.

Lukumanu ya koma fili, ya ci gaba da ci. Alhaji Maiwada yakan kalle shi a wayar Hajara, ya tsayar da hoton, ya matso da shi kusa da ido yana duban cinya da kafaɗa da wuya, yadda yake duban sa kafin ya taya. Da dabba ce da tuni ya gane. Ta ɗansa ce, sai ido ya ƙi aiki.

Da layya ta matso, yaron ya kira, murya cike da fara'a.

"Baba, bana ma za a aiko kilishi, ko? Na wurin Hadi ɗin nan. Ba irinsa a nan."

"Na wurin Hadi."

"Eh mana. Shi na saba da shi."

Mai yiwuwa ne yaji yake marmari. Mai yiwuwa ne kuma lauya ya ce yana da kyau a riƙa samun irin wannan kilishi a cikin kabad. Alhaji Maiwada ya ce to, Allah ya kai mu.

Ranar Sallah ya yanka ɗan san da ya rage masa, ya ware cinya, amma bai ƙetare gada ba. Ya wasa wuƙa ya zauna a tsakar gida yana yanka da kansa, wani falle da kauri kamar tafin takalmi, wani duk huji. Ya fitar da kujerun falo, ya shimfiɗa asabari a ƙasa, ya kunna fanka biyu, ya rufe taga. Kwana da kwanaki gidan na warin nama da tunkuza, Hajara na mita, ruwa na zuba a waje bai taɓa ko falle ɗaya ba.

Kilishin ya fito baƙi, mai tauri, gishiri ya yi yawa. Ya naɗe shi a takardar siminti, ya ɗaure da zare, ya kai wa mai tafiya da hannunsa.

"In ya tambaya, na Hadi ne?" in ji matafiyin.

"Ka ce masa na ubansa ne," in ji Alhaji Maiwada. "Ka ce masa babu komai a ciki. Ya san da haka kafin masu gwajin fitsari su sake zuwa da kwalbarsu."