Kwanon Almahdi

Ranar Asabar ce cikin goman ƙarshe na azumi, rana ta fito da zafi kamar bakin maƙera. Almahdi yana kwance ƙarƙashin wata raksha, keken haya mai ƙafa uku, a garejin ubangidansa Usta Ilyasu da ke Bahri, tsallaken kogi daga Umdurman, sai ya ji harbin farko na yaƙin daga wajen gada.

A gidansu na Umdurman ba a shiga da waya, ba rediyo, ba talabijin. Haka kakansu ya kafa tun suna tsinkar auduga a Jazira. Amma duk yaron da ya kai sha bakwai akan sake shi shekara guda, ya tsallaka kogi ya ga duniya. In ya zauna cin abinci da su ranar Ƙaramar Sallah, ɗan gida ne har abada. In bai zo ba, uban zai kife kwanonsa, ba a ƙara ambatarsa.

"Na ga irinku a waya," Usta yakan tsokane shi. "Amish, can Amurka. Su ko keken doki suna da shi."

Shekarar Almahdi a Sallar nan za ta cika, kuma har lokacin zuciyarsa biyu. Yana son ƙwallo da wayarsa, yana kuma kewar kunun Gogo, wadda ta raine shi.

A ranar aka rufe gada. Suka ja ƙofar gareji suka zauna cikin warin baƙin mai.

"Usta, zan bi kwalekwale."

"Kifi kake son ciyarwa? Kira su mana, yaro."

"Da wace wayar za su amsa?"



A nan Sallah ta same shi, yana jin kabbara daga nesa tana gauraye da harbi. Sai ranar ya gane gida yake so.

Da damina ta sauka wani masunci ya tsallakar da shi. Ya tarar da gida a buɗe, ba kowa. Maƙwabciyarsu Awadiyya ta leƙo ta katanga.

"Sun tafi, ɗana, ba su ce ga inda suka nufa ba. Ranar Sallah babanka ya jira ka har azahar."

"Inna, ai ya san gada a rufe take!"

"Ya sani. Cewa ya yi doka ba ta san gada ba."

Sun kwashe kwanuka duka, ban da ɗaya. Yana kan kanta, a kife.

Abin da Almahdi ya rasa ke nan: uba, Gogo, ƙanne uku, da zaɓin da aka ce nasa ne.