Motar da Ba Ta Jin Nauyin Baba

Ni fa ba sha'awar mota ce ta kai ni wurin dillalin nan ba, Baba ne. Wata takwas ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi muka dawo da shi gidanmu, kuma kullum sai ƙara janyewa yake yi daga cikinmu. Ba ya neman komai, ba ya ƙorafin komai. Likita ya auna abin da zai auna, ya ce jini ya daidaita, zuciya lafiya lau, amma mutumin nan in ba ku riƙa fitar da shi yana ganin duniya ba, kuna kallo zai tafi ya bar ku. Haka ya faɗa, ko kara babu.

To da me za a fitar da shi? 'Yar motarmu ko an naɗe keken Baba ba ya shiga but ɗinta na baya. Shi ya sa maigidana ya nemo wani dillali abokinsa, ya ce akwai ƙaramar a-kori-kura mai ƙofa huɗu, kujera biyar a ciki, bodi a baya. Dillalin ya yarda mu ɗauke ta ranar Asabar mu wuni da ita, in ta yi mana mu yi magana.

Ni malamar makaranta ce, abu bai gamsar da ni sai na ba shi maki. Na je da littafina da jan biro. Maigida yana can yana shafa taya yana cewa "kai, kai, kai", ni kuwa na fito da tef na auna bodin. Keke zai kwanta, kula da tabarma su samu wuri, har da sandunan fatsar Baba. Sanyin esi yana kaiwa har kujerun baya. Matakin shiga ya ɗan yi tsayi, na rage mata maki biyu a gaban dillalin, ya kalle ni kamar na mari ɗansa.

"Hajiya, zo ki ga abin da zai dawo mata da makinta," in ji shi. Ya nuna min wasu 'yan hotunan kujeru uku a allon gaban direba. "Kujerun baya ke nan. In mutum ya zauna ya ɗaura bel, tasa ta yi kore. In bai ɗaura ba ta yi ja, motar ta yi ta kuka. In ba kowa, toka-toka. Nauyi take ji. Ko jaka kika ajiye mai ɗan dama sai ta kama."

Ranar Asabar da hantsi muka shirya zuwa bakin wani tafki, tafiyar awa ɗaya da rabi, inda Baba yake zuwa fatsa lokacin da yake da ƙafafunsa. Ɗaukar Baba aikin mutum biyu ne. Ƙato ne, ciwo bai cinye ƙashinsa ba. Maigida ya riƙe ta hammata, ni na riƙe ta gwiwa, muka yi bismilla muka cicciɓa, bayana ya ce ƙas. Muka zaunar da shi a bayan kujerar direba, na ɗaura masa bel. Auta, 'yarmu mai shekara tara, ta haye ɗaya gefen. Kujeru biyu suka yi kore, ta tsakiya toka. Ni na karɓi sitiyari, don ni zan riƙa yawo da Baba in an saya.

A kan kwalta motar ba ta da laifi. Sitiyarin ba tauri, birkin yana kamawa da wuri, kwana kuma tana shanta kamar ƙaramar mota. Ina faɗa, maigida yana rubuta min da wannan mummunan rubutun nasa. Baba kuwa, da muka bar gari, sai na ji ya yi gyaran murya.

"Waccan tirelar ta wuce ƙa'ida da tan huɗu," ya ce.

Na kusa sakin hanya don murna. Shekara talatin Baba ya yi yana aikin sikeli a ƙofar wata masana'anta, inda motocin kaya suke hawa a auna su. Da ido yake faɗin nauyin mota kafin allura ta tsaya. Rabon da in ji ya yi irin wannan maganar tun kafin ciwo.

Muna shiga hanyar gargada Auta ta leƙo ta tsakanin kujeru. "Mama, kujerar tsoho tana ƙifta ido."

Na duba. Koren gefen Baba yana ɗaukewa yana dawowa. Na ce gargada ce. Muka ƙara tafiya kaɗan, ya ɗauke gaba ɗaya, ya koma toka.

"Mota ta ce ba kowa a wurinka, tsoho," in ji Auta, tana dariya.

Maigida ya ce, "Lallai motar nan ba ta da kunya. Ni shekara goma sha biyu ina jin nauyin Baba, ita ko na awa ɗaya ta kasa."

Baba ya yi dariya. Dariya sosai, har da tari. Na ɗaga ido na kalli madubi, ga shi nan zaune, bel a ƙirjinsa, hula ta karkace. Na ce wa maigida ya rubuta: na'urar kujera ta lalace, a rage maki uku. Amma wallahi tun daga nan hankalina ya ƙi kwanciya, ban san dalili ba.

Mun isa tafkin rana ta take. Ba kowa sai wasu fararen tsuntsaye a ɗaya gefen. Na tsaya a ƙarƙashin wata bishiya, maigida ya sauko da keke daga bodi, muka zo ɗaukar Baba yadda muka saba. Maigida ya kafa ƙafa ya tattara ƙarfi ya ɗaga, sai ga shi ya yi baya taga-taga, saura kaɗan su zube. Kun san yadda mutum yake ɗaukar bokiti yana zaton cike yake, ashe ba ruwa? Haka. Ni ma gwiwoyin da ke hannuna ban ji su yadda na ji da safe ba. Muka kalli juna ni da maigida. Ya kawar da kai, ya ce santsi ne.

Ba santsi a wurin, yashi ne busasshe.

Muka kai Baba bakin ruwa, Auta ta riƙe masa sandar fatsa ta gefen hannun da ba ya aiki. Ni kuwa na koma wurin mota, don ba na barin tambaya ba amsa. Na kunna ta. Na zauna a kujerar Baba, ta yi ja, ta fasa kuka. Na ɗora kular ruwa, ta yi ja. Na kira Auta, yarinyar da iska mai ƙarfi za ta iya turewa, ta zauna, ja. Na ɗora jakata ta hannu da robar ruwa biyu, nan ma ta kama. Na'urar lafiyarta ƙalau. Na buɗe littafin na mayar mata da makinta uku.

Da na juya zan koma bakin ruwa ne na lura da yashin. Ga sawun maigida, zurfi. Ga nawa, ga na Auta. Sawun tayar keken kuwa, da Baba a kai muka tura shi, ɗan layi ne siriri sama-sama, irin wanda keken yake bari in na tura shi wayam a tsakar gida.

Na tarar da Baba yana ba su labarin wani direba da ya taɓa cika tankinsa da ruwa don ya cuci sikeli. Fuskarsa ta washe, bakin da ya karkace ma kamar ya miƙe. Ya sha shayi kofi biyu, ya ci burodi, ya ce a ƙaro. Wata takwas ina roƙon Allah ya nuna min wannan ranar, ga ta ta zo, ni kuma tsoro ya kama ni. Na ce wa maigida ya ɗauki Auta su zaga su ga tsuntsaye. Bai tambaye ni dalili ba.

Na durƙusa a gaban keken. Na ɗora hannuna a gwiwarsa, da ɗumi, mutum ne sosai.

"Baba, me ke faruwa da kai?"

"Me kika gani, Uwata?" Haka yake kirana.

"Kada ka yi min haka. Motar ba ta jin ka. Yashi ba ya jin ka. Ɗazu da safe sai da bayana ya amsa, yanzu kuwa..."

Ya kalli zaren fatsar a kan ruwa. Sannan ya ce, "Motar kirki ce. Ba ta ƙarya. Ki saya."

"Ba maganar mota nake yi ba!"

Na ɗaga masa murya, Allah ya yafe min. Zuciya ce da ni, kowa ya sani, ɗalibaina ma daga takun takalmina suke gane ranar da ba a wasa. Baba bai ji haushi ba.

"Kaya in ya fi ƙarfin mota, ragewa ake yi," ya ce. "Ba a tsayawa sai gindinta ya karye. Ni aikina ke nan shekara talatin. To na roƙi Allah ya rage miki nauyina. Kwana ashirin da uku ina roƙo. Yau da na ga ruwan nan raina ya yi fari, sai na ji abin yana tafiya da sauri."

"Wa ya ce maka kai nauyi ne? Wa ya faɗa? Faɗa min in ji!"

"Ke."

Ya faɗe ta a hankali, kamar yana faɗin awon mota.

"Ranar da kika yi waya da yayanki a kicin. Bangon ɗakina da kicin ɗaya ne."

Na tuna. Wayyo Allah, na tuna. Ranar na dawo daga makaranta da takardun jarrabawa ɗari da wani abu, na tarar Baba ya ɓata shimfiɗa, mai aiki ba ta zo ba, yayana kuma ya kira daga inda yake yana tambayata ko ina ba Baba magani a kan lokaci. Na wanke yayan nawa tas da masifa. Na ce nauyin nan ya ishe ni, ni kaɗai aka haifa? Na ce ya zo ya ɗauki nauyinsa ko na wata ɗaya ne in huta. Na kashe waya, na wanke fuska, na kai wa Baba abinci da murmushina. Ya karɓa ya ce Allah ya yi albarka.

"Baba, ɓacin rai ne. Wallahi ɓacin rai ne, da shi nake, ba da kai ba."

"Na sani. Amma ba ƙarya kika yi ba. Ina ganin yadda kike dafa ƙugu in kin ajiye ni."

"Ƙuguna ne! Ina ruwanka da ƙuguna? Ka janye roƙon nan. Ka ce ka fasa."

"Abin da aka riga aka sauke, Uwata?"

Na kifa kaina a cinyarsa na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yarinya. Na ce ina so, nauyin nake so, ya ninka shi biyu ma zan ɗauka. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kaina. Na san ya ɗora ne don na ga inuwar hannun a kan yashi.

Da la'asar muka kamo hanya. Maigida ya ce in kawo ya tuƙa, na hana, don in na zauna ba abin yi zan haukace. Ya cire hularsa ya rufe allon da ita, wai rana tana haska masa ido. Auta ta yi barci ta jingina da kafaɗar Baba, can sai ta zame ta kwanta a kan kujera. Baba yana ta hira, ya faɗi nauyin motar yashi, ya faɗi na motar katako. Duk ramin da muka faɗa sai na kalli madubi. Mu duka muna girgiza, shi yana zaune cak, bel ɗin ne kawai yake riƙe da shi. Na rufe gilasan baya na danna makulli, ban yarda ko iska ta shigo ba.

Mun iso gida rana ba ta faɗi ba. Maigida ya ɗauki Auta ya shiga da ita, ya ce in jira shi ya zo mu sauke keke. Na buɗe ƙofar Baba na kwance masa bel. Ya miƙo min hannu.

"Bar keken. Ɗauke ni ke kaɗai ki gani."

"Baba, mu jira shi."

"Ɗauke ni, Uwata."

Na sa hannu ɗaya a bayansa, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa, na ɗaga. Ya taso. Mutumin da ya goya ni a wuya har na shiga aji uku, ga shi a hannuna kamar wankin da na kwaso daga igiya. Matakala uku ne zuwa ƙofar falo. Na hau na farko, na hau na biyu, bayana ko motsi bai yi ba. A na ukun na tsaya, na ƙanƙame shi da dukan ƙarfina. Sai na ce wa kaina ƙila ɗaure jikinsa yake yi, ƙila yana taimaka min ne, yadda yake ƙoƙarin yi kullum in za mu juya shi.

"Baba, daina taimaka min," na ce. "Don girman Allah saki jikinka. Sake min shi duka, zan iya."

Ya kwantar da kansa a kafaɗata, na ji numfashinsa a wuyana.

"Ai na saki tun ɗazu," ya ce.