Guɗar Goggo Dela

Duk garin Roni babu mai guɗa kamar Goggo Dela. In ta toshe hanci ta kaɗa harshe, sai duwatsun bayan gari sun amsa. 'Ya'yan mutane da ta yi wa guɗa ba su ƙirguwa, yau kuma ga bikin Lauwali, ɗan ƙaninta da ta goya tun yana tsumma. Da la'asar za a kawo amarya daga Gwiwa, kuma Dela ta rantse ba muryar da za ta riga tata tarbar yarinyar.

Sai ga haƙori ya ce bai san zance ba. Ya hana ta ci, ya hana ta sakat. Da sassafe ta faki idon mutane ta hau mota zuwa Kazaure, likita ya yi mata allura a dasashi, ya fizge ɗan banzan. Ko gezau ba ta ji ba, har da shi masa albarka.

A hanyar dawowa ne ta taɓa leɓenta, ta ji kamar na wani. Rabin harshe ya yi nauyi. Ta gwada guɗa a hankali cikin mayafi, abin da ya fito ko akuya ba za ta amsa ba. Wayyo! Tana isa gida ta ratsa masu tuƙa tuwo, ta shige ɗaki ta fashe da kuka.

Dorkas, ma'aikaciyar jinya da ke haya a maƙwabta, ta biyo ta.

"Goggo, lafiya?"

"Ɓarin jikina ya shanye, 'yar nan," in ji Dela, magana na fita a karkace. "Yau da Lauwalina zai yi aure!"

Da Dorkas ta ji labarin allura, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Goggo, ba abin da ya shanye. Jijiyar da ke kai wa ƙwaƙwalwa labari tana da 'yan ƙofofi ƙanana. Wani gishiri ne na jiki, sodiyam, yake kutsawa ta cikinsu, sannan saƙo ya wuce. Allurar ta toshe ƙofofin ne don kada labarin ciwo ya isa. Jini zai kwashe maganin, su buɗe."

"Gishiri? To, miƙo min in lasa!"

"Ba irin wannan shigar ba, Goggo."

Ina! Dela ba ta jin kira. Ta aika aka ɗebo daga madafa, ta lasa, ta ƙara, gefen harshen nan ko ɗanɗano bai ji ba. Ta zauna ta yi tagumi, bini-bini tana mintsinin leɓe. Aka yi azahar, shiru. Mata suka fara raɗe-raɗin a nemo wata mai guɗar, abin da ya fi komai ƙona mata rai ke nan.

Can sai leɓen ya fara tsatstsafa kamar tururuwa na yawo. Jim kaɗan gurbin haƙorin ya soke ta har cikin kunne. Ta yi zumbur ta miƙe.

"Ciwo! Dorkas, ciwo ya dawo! Alhamdu lillahi!"

Matan gida suka tsaya sororo, ba su taɓa ganin mai murna da ciwo ba. Daidai nan motocin Gwiwa suka danno kai.

"A hankali, Goggo, kada jini ya ɓalle," in ji Dorkas.

Wa ya ji? Dela ta fito ba ko takalmi, hawaye na zuba, na zafi da na daɗi. Ta tsaya a bakin zaure, ta toshe hanci, ta rangaɗa.

"Ayyururui!"

Lauwali yana can rumfar abokansa a bakin titi. Ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Wannan Goggona ce," ya ce. "Amarya ta iso."