Ƙuri'ar Hamma

Wata takwas na yi ina koyar da ilimin halittu a matsayin malamin gwaji, ina jiran takardar tabbatar da aiki wadda Shugaban makaranta kaɗai ke sa wa hannu. Ɗakin gwaje-gwajenmu yana da madubin duba ƙananan halittu guda biyu, duka a kulle cikin kabad tun ranar da aka kawo su, wai kada yara su lalata. Ganin haka sai na liƙa ƙatuwar takarda a bangon aji uku, na rubuta a samanta: Tambayoyin da duniya ba ta gama amsawa ba.

Yara suka yi mata ca. Me ya sa muke mafarki? Me ya sa ƙadangare ke sake fitar da wutsiya, mutum kuwa in ya rasa yatsa shi ke nan? Wata yarinya da 'yan ajin ke kira Me-ya-sa ta kawo tata a kan hamma: don me ake yin ta, kuma don me in mutum ɗaya ya yi sai ta zagaye ɗaki? Har ƙirgen masu hamma ta fara yi a taron safe, tana rubutawa a bayan littafinta. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

"Malam, to mece ce amsar?" ta tambaye ni.

"Akwai hasashe iri-iri, amma ba a tabbatar ba tukuna. Wataƙila ke za ki gano."

Kafin mako ya ƙare magana ta kai kunnen Shugaba, ya kira taron malamai.

"Iyaye sun kawo mana 'ya'yansu don su sani," in ji shi, "kai kuma kana koya musu ba a sani ba?"

"Yallaɓai, ai su kansu masana..."

"Masana ba a ƙarƙashina suke aiki ba. Mu goma sha huɗu ne a ɗakin nan, kowa da takardar shaidarsa. A ce hamma ta gagare mu? Yau za a gama da ita."

Aka shiga shawara. Malamin lissafi ya ce yunwa ce, mutum biyar suka gyaɗa kai. Malamin wasanni ya ce lalaci ne. Shugaba ya gyara zama ya ce shi dai a saninsa lalaci ne, nan take masu yunwa suka ƙoshi. Aka ce masu cewa lalaci ne su ɗaga hannu, na ƙirga goma sha uku. Na goma sha huɗun nawa ne, ya tashi a hankali kamar na mai ciwon kafaɗa. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Shugaba da kansa ya sa tambayar a jarrabawar ƙarshen zango, maki biyar, ya kuma ce zai duba yadda na yi makin kafin ya taɓa takardata. Yara talatin da tara suka rubuta amsar da taron ya sa na koya musu, "lalaci", kalma ɗaya tak. Me-ya-sa ta cika shafi da rabi, har da jadawalin ƙirgenta na taron safe, inda ta nuna masu share harabar makaranta tun da sassafe sun fi kowa hamma. Ta rufe da cewa ba a tabbatar ba tukuna.

Na daɗe riƙe da jan biro. A duk shekarar ban ga amsa mai kyawun wannan ba, kuma kunya ta kama ni. Na zana mata sifili.

Washegari Shugaba ya sa hannu, ya dafa kafaɗata ya ce na fara hankali.

Da aka dawo hutu na gama darasi a kan barci, na ce ko akwai mai tambaya. Na dubi Me-ya-sa.

"Ke fa? Ba abin da ya ɗaure miki kai?"

"Babu, Malam. Ka rubuta mana amsar kawai mu kwafa."

Na juya na ɗauki alli na rubuta, ta kwafa da kyakkyawan rubutunta.