Abin da Maccido Bai Koyar Ba

A zamanin mulkin Nasara, lokacin da motocin Sakkwato ba su fi a ƙirga da yatsu ba, Maccido ne ke tuƙa lorin Alhaji Tambari, mai fataucin fatu a Ƙofar Taramniya. Rannan Alhaji ya ce ya koya wa surukinsa Illo tuƙi. Maccido ya amsa da baki, amma zuciyarsa ta raya masa cewa ran da Illo ya iya, kujerar nan ta bar shi.

Ya dai koya masa. Ya nuna masa a taka kulaci har ƙasa kafin a taɓa giya, a sake shi sannu a hankali ana ƙara mai, kada mota ta zabura ta mutu. Ya ce ya riƙa sauraron inji, in ya fara kuka a sauya giya. Illo mutum ne mai natsuwa, cikin wata biyu hannunsa ya faɗa. Abu ɗaya Maccido ya ɓoye, wato tashi a kan hawa: a ja birkin hannu, sai an ji kulaci ya kama sannan a sake shi. Kullum shimfiɗaɗɗen fili yake kai shi.

Wata Laraba zazzaɓi ya kwantar da Maccido, Illo ya ɗauko fatu daga bakin gulbi shi kaɗai. A tsakiyar hawa shanu suka tare hanya, ya tsaya. Da ya zo tashi, motar ta sulale baya ta take ƙafar Tani, wata dattijuwa mai tallar shinkafa. An yi mata ɗori, amma ƙafar ba ta koma daidai ba.

Illo bai sake taɓa sitiyari ba, yana cewa gangancinsa ne. Kujera ta zauna wa Maccido, sai dai ko tuwo ya daina yi masa daɗi. Bayan damina ya sami Illo ya faɗa masa gaskiya.

Illo ya ce, "Ba ni za ka hwaɗa ma ba. Gidanta na bayan Hubbare."

Maccido ya je. Tani ta saurare shi tana tsintar shinkafa, ba ta gane zancen kulaci ba. Ta tambaye shi ko ya san haka za ta faru. Ya ce bai sani ba.

"To Allah shi yahe muna, ɗana," ta ce, ta jawo sandarta ta rako shi har zaure tana ɗingishi, shi kuwa ya kasa hana ta.