Ba a Waiwaye

"Riƙe nan, Ummu Shaima," in ji Kabo, yana miƙa mata gefen ihraminsa. "Ki goya ta, ki bi bayana. Yau 'yar ƙanena za ta taɓa Hajarul Aswad."

Mujahida ta dubi cinkoson masu ɗawafi bayan la'asar, ta dubi 'yarta mai shekara huɗu, sannan ta dubi yayan mijinta. Ƙato ne wanda sai da aka haɗa masa ihrami biyu. A unguwar Kudai ta nan Makka aka haife shi, karatu ya kai shi Amurka, can suka ga jikinsa suka sa shi ƙwallonsu ta karo da kwalkwali. Tun da ya dawo yin Umra gidan ya rikice. Mijinta Nasir har tashar bas ya ja shi abokan aiki su gani.

Ita kuwa ta kalli bidiyon wasan nasa. An tsugunna, an taso, an gwabza kamar raguna. Shekara tara ana biyansa ya tare wa mai jefa ƙwallo maza, shi bai taɓa riƙe ƙwallon ba ko sau ɗaya. Abin da ya dawo da shi gwiwoyi ne masu ɗinki da yatsu karkatattu. Wai ɗan ƙwallo!

"Yaya, zahama ta yi yawa. Nuni daga nesa ma ya wadatar."

"Wannan ce zahama?" Ya yi dariya. "Na tare mutum mai kilo ɗari da hamsin da gudu. Waɗannan tsofaffin Indonesiya ne."

"In muka saki fa?"

"Kada ku saki. A sana'armu ba a waiwaye. Ka waiwaya, an wuce ka, an kayar da na bayanka."

Nasir ya ce mata da safe kada ta kunyata shi gaban yayansa. Don haka ta goya Shaima, ta ɗaure zani tamau, ta kama ihramin.

Kabo ya sunkuya, ya ware ƙafafu, ya kutsa. "Ɗariƙ, ya hajji! A ba da hanya!" Mutane suna darewa gabansa. Sai dai abin da bai sani ba, suna haɗewa a bayansa nan take, kuma da haushi. Gwiwar hannun wani ta bugi kafaɗarta. Wata mata ta dafa kan Shaima don kada ta faɗi. Yarinyar ba ta yi kuka ba, numfashi kawai take ja da ƙyar a wuyan uwarta.

"Yaya! Yaya Kabo!"

Ƙeyarsa kawai take gani.

Ta buɗe hannu.

Ta bar taron ya tafi da ita, tana zamewa waje sannu a hankali, har ta samu iska. Ta sauke Shaima, ta duba haƙarƙarinta, ta ba ta zamzam. Da suka zo daidai koriyar fitilar da ke nuna saitin dutsen ta ɗaga hannun yarinyar suka yi kabbara.

Sai dab da magariba ya same su a matakala, yana ɗingishi, gumi na zuba, an yakushe masa kafaɗa.

"Na isa," ya ce. "Na dafa bango, na buɗe muku wuri. Ina ta cewa yalla, ku shiga. Har askarin da ke gadin dutsen ya kore ni."

"Mun daɗe da saki."

Ya kalli gefen ihramin.

"Ammi," in ji Shaima, tana kallon baffan nata, "ka taɓa dutsen?"

Kabo ya dubi karkatattun yatsunsa kamar yanzu aka ba shi su.

"Ni?" ya ce. "Ai ban tuna ba."

Mujahida ta riga ta tanadi magana tun tana cikin zahamar. Ta haɗiye ta. Ta miƙa masa ragowar zamzam ɗin, ta matsa masa wuri a matakalar, amma ta mayar da Shaima ɗaya gefen, nesa da shi.