Maiwada Ya Share Cikinsa Kafin Hoto

Maiwada mai albasa, wanda gonarsa ke ƙasan Bakolori, ya samu kujerar Makka shi da matarsa Gimbiya. Abu ɗaya ya rage, likitar zuciya a Mafara ta sa hannu a takardarsa cewa jikinsa zai ɗauki tafiya. Shekara biyu ke nan yana shan ƙwayoyinta, wata 'yar fara mai daidaita bugun zuciya da wata mai sa fitsari. Ta kuma hana shi gishiri da kitse, Gimbiya ta riƙe dokar kamar ita ta kafa ta. Amma duk ranar kasuwar Maradun, da ya sauke buhuna sai ya zagaya bayan rumfar mahauta ya narki balangu da yaji, ya bi da goro, ya dawo gida da fuskar mai haƙuri.

Aka ce ranar Litinin za a yi masa hoton zuciya. Ya faɗa wa Labaran, direban da ke ɗaukar masa kaya.

"Hoto? Ka shiga uku, Maiwada," in ji Labaran. "Injin ga ba ya rufa asirin kowa. Wani ɗan Bakura anka ɗora mishi, likita ta ƙirga tsinken tsire goma sha ɗaya, har ta hwaɗi na wane mahauci ne."

"Har tsinken ya haɗiye?"

"Ni dai haka anka ce min."

Maiwada ya shiga hango naman shekara biyu jere a cikinsa, kasuwa kan kasuwa. In likita ta gani, ba sa hannu. Ya sayi leda cike da filasko, ganyen nan mai wanke ciki, ya dafa da tsamiya a bukkar gona, ya dinga kurɓa safe da yamma. Ƙwayoyinsa kuwa bai fasa ko ɗaya ba, don shi ba mutum ne mai karya dokar likita ba.

Ranar Juma'a ya yi sawu bakwai bayan gari. Duk dawowa sai ya ce a ransa, na watan jiya ya fita. Ranar Asabar ya kai na Sallar bara. Ranar Lahadi ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa, zuciya ta buga biyu ta tsaya tana saurare, kamar mai sallama a gidan surukai. Ya buɗe ido ya ga bango ya koma ruwan ɗorawa.

"Gimbiya! Wa ya rina min akuya?"

"Wace akuya, Malam?"

"Ga ta can! Ke ma an rina ki!"

Gimbiya ba ta tsaya gardama ba, ta kira Labaran ya zo da mota. A asibiti aka kwantar da shi, aka manna masa wayoyi a ƙirji. Da ya ga likita ta jawo injin, sai ya riƙe mata hannun riga.

"'Yata, kar ki wahal da kanki, ni zan hwaɗi. In kin ga saura, na Audu mahauci ne, kuma bai wuce na bara waccan ba. Sauran duk na kore shi da hilasko."

"Na Audu mi?" in ji Gimbiya.

Likita ta ajiye abin hannunta. "Baba, injin nan zuciya kawai yake gani, ko tuwon safe ba ya gani. Kwana nawa kana shan filaskon?"

"Uku."

"Tare da ƙwayoyin?"

"Ban tsallake ko guda ba," ya ce da alfahari.

Aka ɗebi jini aka auna. Ta ce akwai wani sinadari a jini da zuciya ke bugawa da shi, ƙwayar fitsari tana rage shi, zawo ya zo ya kwashe sauran. In ya yi ƙasa, 'yar farar ƙwayar sai ta fi ƙarfin zuciya ta zama guba, shi ya sa har idonsa ya rine. Da ya kai Litinin a haka, in ji ta, da ba hoto za a yi masa ba.

"To tunda an gano, sai a sa hannu ko?"

"Sai na ga zuciyar ta zauna. Wata biyu."

"Alhamis za a rufe karɓar takardu!"

"Na sani, Baba."

Ya juya neman Labaran, ashe tun da aka ambaci Audu ya fita duba taya.

Ranar da maniyyatan Mafara suka tashi, Maiwada ne ya ɗora wa Gimbiya jaka a mota. Ta leƙo ta taga, ta ce ya miƙo kansa ta auna da taƙi, kar ta sayo masa hular da za ta yi masa yawa.